Na je duba wa yarona makaranta, waƙa ta sa ni hawaye

Jama'a, ku yi haƙuri da muryata. Yanzun nan na fito daga wata sakandaren Katolika a nan Bronx, cikin birnin New York, har yanzu tsigar jikina ba ta kwanta ba.

Yau ce ranar da suke buɗe wa iyaye ƙofa su zo su gani da idonsu. Babban yarona yana aji takwas, kuma a New York duk mai son shiga irin waɗannan makarantu sai ya zauna jarrabawar TACHS a watan Nuwamba: karatu, rubutu, lissafi, da gwajin kaifin basira. Makarantu uku kawai za ka zaɓa, sakamako ya fito a Janairu. Ina gaya muku, kada ku yi wasa da rajista, ana rufe ta tun kafin watan jarrabawa. Wata 'yar cocinmu ta makara bara, na ga irin wahalar da ta sha. Kuɗin makarantar nan kuwa, dala dubu goma sha ɗaya suka ce mana a shekara, ban da kayan sawa.

To muna cikin zagaye, sai aka bi da mu ta ɗan ƙaramin cocinsu. Yara kusan talatin a tsaye, ba ganga, ba molo, murya zalla, suna rera waƙar Latin ɗin nan da ake yi idan an durƙusa gaban Jikin Almasihu, wato gurasar da aka tsarkake. Ita ce marigayi babana yake rerawa da asuba, idonsa a rufe. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Yarona ya riƙo hannuna ya ce, "Mama, lafiya?"

Waƙar nan fa, Toma Akwinas, babban malamin Katolika, ne ya rubuta ta wajen 1264. Ku lissafa shekarun! Kuma kafin shi, tun ƙarni na huɗu Bishop Ambros na Milan yake koya wa jama'a waƙa a coci. Abin da ya fi burge ni shi ne do-re-mi ɗin da muka haddace a ƙungiyar mawaƙa muna yara, malami yana dukan benci da sanda. Wani ɗan zuhudu a Italiya, Gido na Arezzo, shi ya ciro su a ƙarni na sha ɗaya daga gaɓoɓin farko na baitocin wata waƙar Yohanna Mai Baftisma. Da "ut" ake farawa, daga baya aka mai da shi "do". Sai bayan Majalisar Vatikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, 1962 zuwa 1965, aka sakar wa harsunan mutane mara a Mas, wato babbar sujadar Katolika. Shi ya sa babana ya tashi da Latin, ni na tashi da Hausa. Kai, ina kewar waƙar Hausa a coci, mata su ɗauka, maza su amsa.

Yarona kuma, ba yabon kai ba, murya gare shi. Malamar waƙarsu ta sa ya bi ta layi ɗaya, ta ɗaga kai ta dube ni tana murmushi.

Akwai kuma makarantar Regis a Manhattan, ta 'yan Jesuwit, wata ƙungiyar limaman Katolika, tun 1914 ba a biyan ko sisi, amma yara maza Katolika masu baftisma kawai suke ɗauka, hanyar nemansu daban ce. Za mu gwada, in ku ma za ku gwada ku nemo takardar baftisma tun yanzu, tamu sai da aka aiko daga gida. Amma a fom ɗin TACHS, wannan ta yau zan sa a farko. Bari in kama jirgin ƙasa, babansa yana jiran labari.