Koren tambari a ƙofar otal: me yake aunawa?

[Hoto: ƙofar otal, kyamara ta matso kan tambarin]

Kun ga wannan koren tambarin? Ana ta muhawara a kansa. Wasu na cewa otal mai shi ba ya gurɓata iska, wasu kuma sun ce talla ce kawai. Duka biyun akwai abin da suka tsallake.

Tambarin iri-iri ne. Green Key ya faro daga Denmak a 1994, LEED na Amurka ne, EDGE kuma na IFC, reshen Bankin Duniya. Mu wuce.

[Hoto: zanen gini biyu, ɗaya kusa da ɗaya]

Ga inda ake ruɗewa, ku tsaya da ni. EDGE na neman a rage kashi 20 cikin ɗari na wuta, da ruwa, da iskar kabon da aka fitar wajen haɗa kayan ginin. To, kashi 20 na me? Na abin da wani gini irinsa, a gari ɗaya, zai ci in an gina shi yadda aka saba. Ke nan katafaren otal mai wurin ninkaya, da na'urar sanyaya ɗaki ko'ina har baranda, da ɗan'uwansa katafare ake gwada shi. Ya yi ragi, gaskiya ne. Amma duk da ragin, zai iya fitar da hayaƙin da ya fi na ƙaramin masauki mai fanka, wanda ko takardar shaida ba shi da ita.

Sannan lissafin farko a kan zane ake yin sa, kafin baƙo ko ɗaya ya kwana. Zane bai san baƙon da zai fita tun safe ya bar sanyi a kunne ba.

[Hoto: bayan otal, janareta na ruri]

Ni dai nan nake fara dubawa. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Wanda ya taɓa kwana a otal a Kano ko Abuja ya san ƙarar nan da tsakar dare. Katin da ke banɗaki mai roƙon ka sake amfani da tawul yana rage wanki, ban raina shi ba, amma gaban wannan injin sai ya zama kamar ɗigon ruwa a rairayi.

A watan Maris na 2024, Booking.com, shafin intanet da ake kama ɗakin otal ta cikinsa, ya cire nasa koren tambarin bayan hukumar kare masu saye ta Holan ta ce zai iya ruɗar mutane.

[Hoto: mitar wuta, faifan sola a rufin otal]

Takardar tana da amfani idan ta sa otal ya riƙa karanta mita, mai bincike daga waje yana dawowa ya duba. Tun 2012 ma akwai ma'aunin da otal-otal suka amince da shi: kilo nawa na kabon a kowane ɗaki, kowane dare. In ka je kama ɗaki, wannan adadin za ka tambaya, na bana da na bara.