Amsoshin Tambayoyinku: Rage Girman Bidiyon Faifan DVD Ba Tare da Hoto Ya Dusashe Ba

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku daga nan birnin Bauchi. Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan batu guda, wato faya-fayan bidiyo na bukukuwan gida da suka cika akwatuna, da yadda za a mayar da su ƙananan fayiloli ba tare da hoton ya lalace ba.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wata Hajiya a unguwar Yelwa. Ta ce tana da faifan DVD kimanin 40 na auren 'ya'yanta da sunan jikoki da walimar saukar Alƙur'ani, wasu har sun fara cijewa idan ana kallo. Tana so a zuba su duka a filash guda, amma tana tsoron kada fuskokin mutane su dagule, musamman na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Hajiya, Allah Ya jiƙan magabata, kuma tsoron nan naki yana bisa hanya. Duk lokacin da aka matse bidiyo, wato aka rage girman fayil ɗinsa, akwai wani abu na hoton da ake zubarwa wanda ba ya dawowa, kamar yadda kowane wanki yake rage wa atamfa launi. Saboda haka aikin farko shi ne a kwafe kowane faifai yadda yake, kafin a yi maganar matsewa. Idan aka buɗe faifan a kwamfuta za a ga wata jaka mai suna VIDEO_TS, a cikinta akwai fayiloli masu ƙarewa da VOB, to wannan jakar ce za a kwafe gaba ɗaya, ko kuma a yi amfani da manhajar MakeMKV, wadda take fitar da bidiyon ba ta rage masa komai ba. Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu kuma 8.5, don haka faya-fayanki 40, idan na yau da kullum ne, ba za su kai gigabait 200 ba, kuma ma'ajiyar waje mai terabait 1 za ta ɗauke su har da ragowar wuri mai yawa. A fara da waɗanda suke cijewa, domin zafin bazara da ƙurar hunturu ba sa raga wa faifai. A goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, kada a bi da'irarsa.

Bayan an adana asalin sai a zo ga matsewa, kuma dalilin da ya sa take yiwuwa shi ne DVD yana amfani da tsohon tsari mai suna MPEG-2, wanda yake cin wuri sosai. Tsarin H.264, wanda ya fito a 2003, yana iya riƙe kusan hoto iri ɗaya a wurin da bai kai rabin wancan ba. Manhajar da nake ba da shawara ita ce HandBrake, kyauta ce, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. A cikinta akwai wata lamba da ake kira RF, ita ce ma'aunin inganci: idan lambar ta yi ƙasa hoto yana kyau fayil yana girma, idan ta yi sama fayil yana ƙanƙancewa hoto yana lalacewa. Ga bidiyon DVD a tsaya tsakanin 18 da 22, ni kuwa a bidiyon biki na fi son 19 ko 20, domin mai ɗaukar hoton yakan riƙe kyamara a hannu yana kutsawa cikin taro, ga leshi da shadda masu ƙananan zane, ga hasken dare, kuma irin wannan hoton ne yake fara farfashewa idan aka matsa masa. Kafin a saki aikin gaba ɗaya, a gwada minti biyu daga wurin da ya fi motsi, misali lokacin da ake liƙi a filin rawa, a kalle shi a babbar talabijin, domin allon waya yana ɓoye aibi.

Akwai abubuwa biyu da masu shagunan turi suke yawan kuskurewa. Na farko, hoton DVD a tsarin talabijin na PAL da muke amfani da shi a Najeriya ɗigo 720 ne a faɗi da 576 a tsaye, kuma ɗaga shi zuwa ɗigo 1080 a tsaye ba ya ƙara masa kyau ko kaɗan, sai dai ya ƙara wa fayil nauyi. Na biyu, yawancin kyamarorin zamanin DVD suna saƙa hoto layi-layi ne, shi ya sa a kwamfuta ake ganin wasu layuka kamar haƙoran mataji a gefen mutum idan ya motsa. A HandBrake akwai matatar da ake kira Decomb, wadda take kawar da waɗannan layuka, a tabbata tana kunne.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin makaranta ce a Azare, yana tambaya ko H.265 bai fi ba, tunda ya ji an ce ya fi matsewa. Malam, gaskiya aka faɗa maka, tsarin nan da ya fito a 2013 yana ba da fayil mafi ƙanƙanta a inganci ɗaya. Sai dai yana ɗaukar lokaci mai tsawo wajen aiki, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai dogara da janareta, kuma tsofaffin talabijin da dikoda masu karɓar filash da yawa ba sa buɗe shi. Idan bidiyon na dangi ne da za a kalla a gidaje daban-daban, H.264 a cikin fayil na MP4 ya fi kwanciyar hankali.

Malam ɗin ya ƙara da cewa wasu faya-fayansa VCD ne. Waɗannan kada a matse su ko kaɗan, domin hotonsu ɗigo 352 ne kawai a faɗi da 288 a tsaye, kuma faifan gaba ɗaya bai wuce megabait 700 zuwa 800 ba. A shiga jakar MPEGAV a kwafe fayilolin DAT, manhajar VLC za ta buɗe su.

Wasiƙa ta uku daga wani matashi ce a Misau, wanda ya ce ya tura wa yayarsa bidiyon aurenta ta WhatsApp, ta ce da ƙyar take gane kanta. Ɗan'uwa, WhatsApp yana sake matse duk bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba, wato an matse abin da aka riga aka matse. Ka tura shi a matsayin takarda, wato ta wurin da ake tura fayil, zai isa yadda yake. Kuma duk lokacin da kake son wani ƙaramin kwafi, ka koma ga asalin da ka adana, kada ka fitar da shi daga wanda aka matse.

Hajiya, game da filash ɗin da kika ambata, kada a bar tarihin gida a kansa shi kaɗai. Akwai na jabu a kasuwa da ake rubuta musu girman da ba su da shi, sai su nuna sun karɓi fayil alhali sun lalata shi. A sa yaran su gwada shi da manhajar H2testw kafin a zuba komai, a ajiye kwafi na biyu a gidan ɗaya daga cikin 'ya'yanki, sannan a rubuta wa kowane fayil sunan biki da shekararsa. Su kuma faya-fayan a mayar da su kwalayensu, a jera su a tsaye a wurin da rana ba ta kai wa.