Yadda ake cire leda da wayar lantarki daga hoton bakin kogi

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan hoton. Jiya da yamma na ɗauke shi daga kan gadar Kennedy nan Yamai, rana na faɗuwa ta wajen Harobanda, masunci na tuƙa kwalekwalensa, ruwa ya yi jawur. Sai dai kash, baƙar leda ta maƙale a reshe, wayar lantarki ta ratsa sama, ga kuma wata jarka na yawo a ruwa.

Kafin mu taɓa komai, ku gane cewa manhaja ba ta san abin da ke bayan ledar nan ba. Faci take yi irin na tela: ta yanko daga gefe ta liƙa a wurin. Shi ya sa sararin sama da rairayi ke da sauƙi, ganyaye da gini kuwa sai an yi haƙuri.

A Photoshop, manhajar gyaran hoto, ku fara danna maɓallan Ctrl da J tare don ku samu kwafin hoton. Kada ku yi aiki a kan hoton asali. Tawa kwamfutar da Faransanci take, don haka sunayen da na gani su zan faɗa.

Leda ba ta da wuya. Ɗauki Correcteur localisé, wato buroshin goge tabo, girmansa ya ɗan fi ledar, danna sau ɗaya, ta tafi. Waya kuwa, danna farkonta, riƙe Shift, danna gaba kaɗan. Gaɓa-gaɓa za ka bi ta, don waya lanƙwasa take yi.

Jarka ce mai aiki. Zagaye ta da Lasso, abin zana iyakar wurin da za a gyara, ka haɗa da ruwan gefenta kaɗan, sannan Remplissage d'après le contenu, mai cike wurin da abin da ke kewaye, wanda Adobe, kamfanin Photoshop, ta fito da shi tun 2010. To ku lura, jarka ta ɓace amma inuwarta na nan kwance a ruwa. Nan ne asirin yawancin mutane ke tonuwa, an cire mutum an bar inuwarsa tsaye kamar aljani. A share ta ita ma.

Yanzu mu kusanto da hoton. Kun ga igiyar ruwan nan iri ɗaya har sau uku a jere? Ido na saurin kama wannan. Ɗauki Tampon de duplication, mai kwafo wani wuri ya liƙa a wani, riƙe Alt ka ɗebo daga wani wuri mai haske iri ɗaya, kuma ka riƙa sauya maɗeba.

Mai salula ma ba a bar shi a baya ba: manhajar gyaran hoto ta Snapseed kyauta ce, Google Photos kuma na da Gomme magique mai share abu daga hoto. Amma in hoton na labari ne ko na shaida, kada a cire ko tsinke.

In kun gama, ku ajiye da sabon suna, ku tura a WhatsApp a matsayin fayil don kada ya dusashe.