Abin da gwajin jini ke tonawa game da giya da hanta

Jama'a, barkanmu da war haka. A nan Jos, mutum zai shekara da shekaru yana shan burukutu, ko goskolo, ko giyar leda, kullum yana fita neman abincinsa, kowa na ganin lafiyarsa ƙalau. Hanta ba ta saurin nuna ciwo, shi ya sa. Amma gwajin jini yana iya nunawa tun da wuri.

Ga yadda abin yake faruwa. Giya tana sassauta bangon hanji, sai gubar ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin hanji ta tsallaka cikin jini, ta nufi hanta kai tsaye. Can sai sojojin garkuwar jiki su tashi faɗa, su saki sinadaran kumburi irin su TNF-alpha da IL-6. Da sau ɗaya ne, da abin ya lafa. To ga mai sha kullum, faɗan ba ya tsayawa, kuma naman hantar ne ke ƙonewa a tsakiya.

IL-6 ɗin nan shi ke sa hanta ta fitar da CRP, wani sinadari mai nuna akwai kumburi a jiki, wanda za ka gani a takardar gwaji. Sai dai a kula, zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga CRP. Don haka likita yakan haɗa da gwajin GGT, da AST da ALT, sinadaran da kan ƙaru a jini idan hanta ta samu matsala. Idan AST ya ninka ALT sau 2 ko fiye, hankalinsa kan koma kan giya.

Da farko kitse ne ke taruwa a hanta, kuma wannan yana iya warwarewa idan an daina sha. In aka ci gaba, sai kumburi, ido ya yi rawaya, a gida a ce shawara ce, a yi ta jiƙa sassaƙe ana ɓata lokaci. Daga nan sai tabo: hanta ta taurare, ciki ya cika da ruwa, wani har aman jini. Wanda kuma yake ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasarmu, tasa ta fi saurin lalacewa. Zuciya ma tana raunana, gaɓar da ke samar da insulin tana kumbura, ƙwaƙwalwa kuma ta rasa bitamin B1 har mantuwa ta kama mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6.

Don Allah, idan ɗan'uwanka ya kai matakin da hannunsa ke karkarwa da safe sai ya sha, kada ku kulle shi a ɗaki ku ce ya daina yau. Yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjiga da ruɗewa, har rai ya salwanta. Ku raka shi asibiti, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ko wanda ya fi kusa da ku, a yi gwajin hanta da na nau'in B, kuma a gaya wa likita gaskiyar yawan abin da yake sha.