Gonar Irmiya da Wasiƙar Samirna: Abin da Ke Riƙe Ikilisiya a Kwanakin Tsanani

Ajin firamare ne wannan da kuke gani, a cikin garin Zuru. Yau Lahadi, shi ya sa aka jera bencina, aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin malami. Lissafin da yara suka yi ranar Juma'a yana nan a allo, ba a goge ba. Mutanen da ke ciki kuwa baƙi ne. Daga wani ƙauye na yankin Danko-Wasagu suka fito da ƙafa cikin dare, bayan 'yan bindiga sun tashe su. Majami'arsu tana can da kwanonta da ƙararrawarta, ciyawa ta cinye ƙofa. Su kuma ga su nan: matan zumunta na buga tulu, dattijon ikilisiya ya buɗe Littafi Mai Tsarki, kwanon baiko na zagayawa, alhali rabin masu zaman ko kumallo ba su karya ba.

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Tun da na tsaya a bakin tagar ajin nan nake juya tambaya ɗaya a raina: me ke riƙe ikilisiya idan gini ya tafi, gona ta tafi, shanun huɗa sun tafi?

Mutumin Kebbi ko Zamfara ba ya bukatar a fassara masa kalmar tsanani. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗaruruwan 'yan mata daga makarantar Jangebe. A Yunin shekarar aka afka wa kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. A Satumba aka katse layukan waya a Zamfara, mutum bai san ko uwarsa na raye a ƙauye ba. Akwai wuraren da sai an biya ɓarayin daji haraji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Wutar nan kuma ba ta tambayar addinin mai gida: ta ci masallaci, ta ci majami'a, a Zamfara ma yawancin waɗanda aka binne Musulmi ne. Wannan magana ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Mu dai da an ce annabci, hankalinmu sai ya tafi ga lamba 666, da wane ne dabbar nan ta littafin Wahayin Yahaya, da wace rana duniya za ta tashi. Amma ku buɗe littattafan annabawa ku ga su wa aka yi wa magana: waɗanda aka ci garinsu da yaƙi, aka kwashe 'ya'yansu, aka ƙone rumbunansu. Mutane ne irinmu.

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya ci Urushalima. Ya kwashe sarki da fadawa da maƙera da masu sana'a, ya haɗa da kayan Haikali, ya kai su Babila, cikin ƙasar Iraki ta yau. Kowane gida akwai wanda ake jira ya dawo. 'Yan shekaru bayan haka, kamar yadda sura ta 28 ta littafin Irmiya ta nuna, annabawa biyu suka haɗu a Haikali a gaban firistoci da jama'a. Irmiya yana saɓe da karkiyar itace a wuya, irin wadda muke ɗora wa shanu a gona, alamar cewa mulkin Babila zai daɗe. Ɗayan kuwa, Hananiya, ya tashi ya ce Ubangiji ya karya karkiyar Babila, nan da shekara biyu kayan Haikali za su dawo, sarki zai dawo, kamammu duk za su dawo.

Ni kaina, da ina wurin ranar kuma ɗana yana Babila, na san bayan Hananiya zan tsaya. Irmiya ma bai yi masa gatse ba. Cewa ya yi amin, Ubangiji ya sa haka. Sai dai ya ƙara da cewa annabin da ya yi albishirin salama, ranar da maganarsa ta cika ne za a san Allah ya aiko shi. Hananiya ya fizge karkiyar daga wuyansa ya karya a gaban kowa. Irmiya ya kama hanyarsa ya tafi. Daga baya ya dawo da saƙo: ka karya ta itace, ta ƙarfe za ta maye gurbinta. A wata na biyar Hananiya ya yi alkawarinsa, a wata na bakwai ya mutu.

Dole in tsaya a nan, don Hananiya ya bar magada. Duk inda wahala ta yi yawa, masu sayar da kwanan wata sukan yi kasuwa. Uwa ta sayar da awakinta da buhunan dawarta tana haɗa kuɗin fansa, sai wani ya zo da kwalbar mai ya ce ta kawo abin da ya rage, kafin ƙarshen wata ɗanta zai shigo gida. Wata ya ƙare, yaro bai shigo ba. Kuɗinta sun tafi, abin da ya fi muni kuma ta fara zargin Allah da alkawarin da bai taɓa yi mata ba. Na ga bangaskiyar da harsashi bai girgiza ba, irin wannan ƙarya ta girgiza ta. Fasto ko mai bishara da ya iya duban idon uwa ya ce, “Mama, ban san ranar ba, amma ga mu tare da ke,” ya fi kusa da Irmiya.

To me Irmiya ya ce wa kamammun? Wasiƙa ya rubuta musu, tana sura ta 29. Ya ce su gina gidaje su zauna, su dasa lambuna su ci, su aurar da 'ya'yansu, kada su ragu. Shekara 70 za a yi. Ayar nan ta 11 da muke mannawa a bayan mota da kalandar bango, wadda ke cewa Allah na da shirin alheri dominmu, cikin wannan wasiƙa take. Waɗanda suka fara jin ta, yawancinsu sun san a Babila za a binne su, jikokinsu ne za su ga gida. Sai a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, hanyar komawa ta buɗe.

Aya ta 7 ta fi nauyi. Ya ce su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana cikin lafiyarsa. Babila ke nan fa, garin waɗanda suka kwashe su. Idan an umarci bayi su yi wa birnin iyayengijinsu addu'a, ina ga mu da maƙwabcin da muka gudu tare da shi, muka kwana a daji ɗaya, muka binne gawa a rana ɗaya? Ikilisiyar da ta rufe ƙofa ta ce addu'arta ta 'ya'yanta ce kawai, ta karanta rabin wasiƙar ne. Kirista a Gusau ko Birnin Kebbi ya san zama tsiraru yana da nasa ciwon, samun filin gina majami'a kansa ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba na raina wannan. Duk da haka ayar ba ta sa sharaɗi ba.

Sai kuma gona. Sura ta 32: sojojin Babila sun sake kewaye Urushalima, saura kaɗan birnin ya faɗi, Irmiya kansa yana tsare a farfajiyar masu gadi. Sai ga Hanamel, ɗan baffansa, ya zo ya ce ya sayi gonarsa ta Anatot. Ku kwatanta da wanda zai zo maka yau ya ce ka sayi gonarsa da ke bakin dajin da kowa ya gudu ya bari. Irmiya ya saya. Ya auna azurfa shekel 17, ya kira shaidu, aka sa hannu, ya miƙa wa magatakardansa Baruk takardun ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe, gama za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar nan. Annabi ya zuba kuɗinsa a kan abin da bakinsa ya faɗa.

Mu tsallaka zuwa ƙarshen Littafi, wato Wahayin Yahaya. Wajen shekara ta 95 bayan haihuwar Almasihu, Yahaya yana tsare a tsibirin Batmusa, aka ba shi wasiƙu zuwa ikilisiyoyi bakwai da ke yammacin ƙasar Turkiyya ta yau: Afisa, Samirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadelfiya da Lawudikiya. Biyar an tsawata musu. Biyu ne kawai ba a kama su da laifi ba, Samirna da Filadelfiya, kuma su ne marasa galihu. Filadelfiya an ce mata ƙarfinta kaɗan ne amma ta riƙe magana. Samirna, wadda ake kira Izmir a yau, an ce mata an san wahalarta da talaucinta, duk da haka mai arziki ce. An gaya mata wasu za su shiga kurkuku, za a sha wuya kwana goma, ta yi aminci har mutuwa a ba ta kambin rai. Ba a ɓoye mata komai ba, ba a kuma yi mata alkawarin za ta kuɓuta ba. An dai nuna mata wahalar tana da iyaka, kuma mai maganar, wato Almasihu, ya gabatar da kansa a matsayin wanda ya mutu ya sake rayuwa. Wajen shekara ta 155 aka kashe bishop na garin, dattijo Polikap, saboda ya ƙi zagin Almasihun da ya ce ya yi shekara 86 yana bauta wa.

Lawudikiya kuwa garin kuɗi ne da baƙin ulu da maganin ido. Da girgizar ƙasa ta rushe shi a shekara ta 60, da aljihunsa ya sake gina kansa, bai karɓi taimakon Roma ba. Ikilisiyarsa ce aka ce wa matalauciya, makauniya, tsirara. Wannan ya kamata ya hana mu barci, mu da muke cikin manyan majami'u na birni da janareta da lasifika. ECWA muke ko UMCA, Katolika, Baftis ko Angilikan, idan ajin firamaren nan na nesa da ƙofarmu da tafiyar minti goma kuma ba mu taɓa leƙawa da mudun hatsi ba, mun san wasiƙar da aka rubuta mana.

Da aka tashi sujada na tsaya da dattijon nan. Na lura tun safe akwai wani abu naɗe cikin leda a hammatarsa, bai ajiye ba ko lokacin addu'a. Ya kwance mini: littafin rajistar baftisma ne na ikilisiyarsu, bangonsa ya yage, tawada ta jiƙe a wasu shafuka, rubutun hannu iri-iri na limaman da suka shuɗe.

Na ce, “Baba, daren da kuka gudu, duk kayan gida wannan kuka ɗauka?”

Ya ce, “Ɗana, tabarma ana saye. Sunayen nan fa? Ran da za mu koma, da me za mu san kanmu?”

Ya buɗe shafin ƙarshe ya nuna mini sunaye uku da sabon biro, yaran da aka yi wa baftisma bayan gudu. Sa'an nan ya karanta mini ƙarshen littafin Habakuk, inda annabi ya ce ko da ɓaure bai yi toho ba, gonaki ba su ba da abinci ba, garke babu tumaki, turke babu shanu, shi zai yi murna cikin Ubangiji. Ya ce shanunsa huɗu aka kora, don haka ayar ba ya bukatar mai wa'azi ya buɗe masa ita. Ya naɗe littafin, ya mayar cikin leda, ya ce in yi haƙuri zai wuce: wani maƙwabci Musulmi ya ara masa ɗan fili a bayan gari, ruwa ya sauka jiya, yana so ya je ya duba ko ƙasa ta jiƙu, gobe da asuba zai shuka dawa.