Hoto ya nuna ƙalau, amma ƙafa na ciwo

Tambayar nan ta yi yawa a saƙonninku: yarinya 'yar gudu tana ɗingishi, an yi hoton ƙashi, an ce babu komai. To me ke faruwa?

Ku duba gindin yatsan ƙafa da ke kusa da babban yatsa. Akwai dogon ƙashi a ciki, sau da yawa ya fi 'yan'uwansa tsawo, kuma duk tsalle da gudu, kansa ne ke shan nauyi. Idan jini ya daina isa wannan kan yadda ya kamata, sai ya fara mutuwa. Cutar Freiberg ke nan, sunan likitan Amurka da ya bayyana ta a 1914. Ta fi kama masu shekara 13 zuwa 18, kuma 'yan mata sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda ake tafka kuskure. Hoton ƙashi siffa yake nunawa. A farkon ciwon, siffar tana nan daram, ɓarnar daga ciki take, kamar gara ta ci azara, fenti bai ko motsa ba. Sai bayan makonni, wani lokacin watanni, kan ƙashin ya baje, sannan hoto ya gani. Lokacin an riga an makara da sauƙin magani. Na'urar MRI kuwa, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, tana hango kumburin cikin ɓargo tun kafin a kai nan. Ee, na san kuɗinta, ni ma na taɓa riƙe baki. Idan babu hali, a koma wurin likita a sake hoto bayan 'yan makonni, kada a ce an gama.

Kuma don Allah, wannan ba targaɗe ba ne. Murza da ja a wurin mai ɗori ba za su maido da jini ba, sai ƙarin azaba.

Magani da wuri? A ajiye wasa. Filasta irin ta karaya ko takalmin asibiti mai tauri, mako 4 zuwa 6, maganin ciwo, daga baya ɗan matashi a cikin takalmi don rage nauyi. Idan ƙashin ya riga ya baje, wani lokacin sai tiyata: a share ɓarɓashi, ko a yanke ƙashin a juyo lafiyayyen guringuntsi na ƙasa ya koma sama.

Koci, gasar mako mai zuwa ba da ita ba. Haƙuri.