Shafin farashin hatsi da nake haɗa wa mutanen Tudun Hatsi daga nan Jamus

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Mutanen Gombe ina gaisuwa, na Pantami, na Bolari, na Jekadafari, har da ƴan Tumfure da suka cika min waya da saƙo. Yau kam ba yawo za mu fita ba, sanyin Berlin ya sauko, kafin ƙarfe biyar gari ya riga ya yi duhu, toh zama za mu yi a ɗaki in nuna muku wani ɗan aiki da nake yi da daddare in na taso daga aiki.

Bari in juyo da kyamara ku ga allon kwamfutar. Kun ga wannan? Shafin intanet ne ɗan ƙarami, ba komai a cikinsa sai farashin masara, dawa, gero, wake, waken suya da riɗi, buhu nawa mudu nawa, da ranar da aka ɗauko farashin. Bappana ne yake sana'ar hatsi a kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe, kuma wallahi kullum wayarsa a kunne take, wannan ya kira daga ƙauye yana tambaya nawa masara yau, wancan ya kira daga Kano, wani manomi zai ɗauko kaya ya biya kuɗin mota bai san me zai tarar ba, shi ne na ce me zai hana a zuba abin a wuri ɗaya kowa ya duba da kansa. Ƙanina yana leƙawa kasuwar da safe, Bappa ya faɗa masa, shi kuma ya rubuta a Google Sheets, wato jadawalin Google na intanet, ta wayarsa, shafin ya jawo daga can. Shikenan aikin.

Amma abin da ya sa na kunna kyamara shi ne nauyin shafi. Mu da muke waje intanet ɗinmu gudu yake yi, ka danna abu kafin ka ɗage yatsa ya buɗe, sai ka ɗauka kowa haka yake gani. Yawancin shafukan duniya yanzu sun haura megabait 2 kowanne, hotuna ne da bidiyo da tarin JavaScript, wato kodin da ke sa shafi motsi. Mutumin da nake yi wa aikin nan kuwa ƙaramar Itel ko Tecno ce a hannunsa, yana tsaye cikin rana tsakanin buhuna, netwok sanda ɗaya ko biyu, datar ma ta ɗari biyu ya saka. Kuma kun san a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Duk hoton ado da ka liƙa a shafinka daga aljihun wannan bawan Allah ake biyansa, ni kam abin nan yana damuna sosai.

Ku duba nan da kyau. A Chrome in ka danna F12 wani ɓangare zai buɗe a gefe, ka je inda aka rubuta Network, akwai wajen da za ka rage gudun intanet ɗinka da gangan, ka zaɓi 3G. Na zaɓa. Yanzu bari in buɗe wani babban shafin labarai, ba sai na faɗi sunansa ba... kun gani ko, fari fat, yana ta juyawa, har yanzu ko kanun labari bai fito ba. Toh ga namu. Ya fito. Duka-duka bai kai kilobait 100 ba, rubutu baƙi a kan fari manya-manya saboda hasken rana, maɓallan kuma na yi su da faɗi don yatsan wanda ya yini yana ɗaga buhu ba ya son ƙananan abubuwa. Hoton kowane hatsi na matse shi da manhajar Squoosh na mayar da shi WebP, wato nau'in hoto mara nauyi, saboda wanda karatun boko bai dame shi ba ya ga zangarniyar gero ya san layinsa ke nan, lamba kam kowa ya iya karantawa.

Da HTML da CSS, wato yarukan da ake gina shafi da tsara kamanninsa, da ɗan JavaScript kaɗan na yi shi. Na san ƙannena da ke jami'ar jihar Gombe (GSU) da ta Kashere da ƴan shirin gwamnati na koyar da fasaha, 3MTT, za su ce Hamma ina React? React, wato wani kayan aikin JavaScript na gina shafuka, abu ne mai kyau, Facebook ne suka sake shi a 2013 kuma a wajen aiki da shi muke amfani, wanda ya iya shi zai samu aiki insha Allah. Amma ba a ɗauko tirela don kai mudu biyu na gero gida. Shafin farko da Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro shafukan intanet, ya ɗora a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, wanda duniya ta fara gani a 1991, rubutu ne zalla da mahaɗai, kuma har gobe yana buɗewa a kowace waya. Dan Allah ku fara zama da HTML ɗin nan sai ya zauna muku, shafukan koyo irin su freeCodeCamp da MDN kyauta ne, wanda ba shi da laftof ma zai iya farawa da manhajar rubuta kodi ta Acode a wayarsa ta Android.

Maganar AI kuma, tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 kowa tambayarsa ita ce ko koyon kodin ya zama ɓata lokaci. Ni ina amfani da irin waɗannan manhajoji kuma suna rage min wahala. Sai dai in ba kai ka faɗa masa cewa mai amfani da shafin yana Gombe da ƙaramar waya ba, shi bai san Bappa ba, bai san datar ɗari biyu ba, zai iya jibgo maka kaya masu nauyi, kuma in ba ka iya karanta abin da ya rubuta ba ta yaya za ka san me za ka cire.

Ɗora shafin kam ban biya ko kwabo ba, a GitHub Pages, wajen da ake ɗora shafuka kyauta, yake zaune. Nan gaba nake so in saya masa suna mai .com.ng don ya yi sauƙin faɗa a baki.

Abin da nake kai yanzu shi ne ya riƙa buɗewa ko babu netwok. Akwai wani abu da ake kira Service Worker, shi yake ajiye kwafin shafin a cikin wayar, in mutum ya buɗe a gari da safe ya koma gona inda babu sabis zai ga farashin ƙarshe da ya sauka, da ranar a rubuce da ja don kar ya ɗauka na yau ne ya yi ciniki a kai. Wanda ya tuna Maris ɗin 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna ma suka rikice, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sannan ina neman taimako. Ina son mutum ɗaya mai amana a kasuwar Kumo, ɗaya a Bajoga, wanda zai riƙa turo farashi ranar kasuwa, rubutun ba ya cin minti biyar. Mai sha'awa ya yi min magana. Bidiyo na gaba insha Allah za mu zauna mu rubuta Service Worker ɗin tare layi-layi, ku tanadi caji. A gaida min Bappa da duk ƴan layinsu, sai mun haɗu.